Filin Shawara: Maigidana ya yi wa filin ƙwallo alkawarin kuɗin ginin gidanmu

 Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a wani ƙaramin gari a jihar Ilinoi ta Amurka. Maigidana tun yana saurayi ya zo karatu wata ƙaramar kwaleji a nan, ya gama ya samu aiki a kantin magani, sannan ya je gida ya auro ni. Tsakani da Allah mutumin kirki ne, bai taɓa barin mu da yunwa ba. Ciwonsa ɗaya, ƙwallon makarantarsu, irin na zari-rugar nan da ake sa hular kwano ana ture-ture. Daga Satumba zuwa Nuwamba, ranar Asabar ba mu da maigida. Zai sa riga mai launin makarantar, ya ɗora murhun gasa nama a bayan mota, tun hantsi sai bayan magariba. In aka ci su, ko tuwo ba ya iya ci.

Duk wannan na haƙura. Makon jiya sai ga wasiƙa daga makarantar da sunansa da nawa, wai ana mana godiya bisa alkawarin dala 15,000 da za mu biya cikin shekara biyar don gyaran filin wasa, a sa sabbin kujeru da ciyawar roba da fitilu. Anti, wallahi ban san zancen ba. Kuɗin nan su muke tarawa mu ƙarasa gininmu na Zariya da ya tsaya a linta, kuma a ciki har da na kitson da nake yi. Da na tuhume shi sai ya ce makarantar ce ta mai da shi mutum, za a rubuta sunan mahaifinsa marigayi a bango, kuma wai gwamnati za ta rage masa haraji. Yanzu tsakaninmu sai gaisuwa. In kira yayansa a gida in faɗa masa, ko in je makarantar da kaina in ce ba da yawuna ba?

Uwargida a Ilinoi

 Kada ki kira yayansa tukuna, kada kuma ki je makarantar ke kaɗai. In kika yi na farko, maganar da mutum biyu za su kashe a ɗaki ta zama ta dangi. In kika yi na biyu, kin kunyata shi a wurin da yake jin ana ganin girmansa, kuma namiji yana iya mance asarar kuɗi ya kasa mance wannan.

Ki fara sanin cewa ciwon mijinki ciwon jama'a ne a ƙasar da kuke. Makarantu fiye da 200 ne ke buga wannan ƙwallo a rukuni na uku na hukumar wasannin kwalejoji, NCAA, wato rukunin ƙananan makarantu, kuma kusan kowacce tana da irin maigidanki. A garin Alliance na jihar Ohayo akwai Mount Union, wadda ta ɗauki kofin ƙasa na wannan rukuni sau 13 tsakanin 1993 da 2017, a garin da mutanensa ba su wuce dubu ashirin da ɗoriya ba. A Indiyana, Wabash da DePauw tun 1890 suke karawa, kuma tun 1932 abin da suke fafatawa a kai wata tsohuwar ƙararrawar jirgin ƙasa ce, wanda ya ci ya tafi da ita gida har shekara ta zagayo. A 2019 mutum 45,161 suka shiga kallon wasan Ithaca da Cortland, makarantun da ko a Amurka ba kowa ya san su ba. Ki tuna yadda Kanawa ke yi in Pillars na wasa a Ƙofar Mata, to haka abin yake, sai dai a can masoyan su ne kuma ake kai wa ƙoƙon bara in katangar fili ta tsage.

Dalili kuwa shi ne ƙananan makarantu ba su da kuɗin talbijin. Jami'ar Mishigan tana da fili mai cin mutum fiye da 107,000, tashoshi na rububin nuna wasanta. Makarantar mijinki wasa goma take yi a kaka, kamar biyar ne a gida, kuma abin da ake samu a ƙofa bai taka kara ya karya ba. Don haka in za a gyara fili, kuɗin daga aljihun tsofaffin ɗalibai da 'yan kasuwar gari zai fito, ko a ciyo bashi. Wabash ɗin nan, wadda ɗalibanta ba su kai 1,000 ba, sabon filinta ya ci dala miliyan 13, kuma gudummawar masoya ce ta ɗauki nauyinsa.

Kowace irin wannan makaranta tana da ofishin tara gudummawa, da ma'aikatan da ba su da wani aiki sai wannan. Sukan fara da manyan attajirai a asirce, sai kuɗi ya yi nisa a shelanta, sannan a bi matsakaita irin mijinki. Sun san shekarar da ya gama, sun san inda yake aiki, sun san bencin da yake zama ranar Asabar. Za a gayyace shi cin abinci, a baje masa zanen sabon fili a kan tebur, a tambaye shi ko akwai wanda yake so a riƙa tunawa da shi. Ban ce zamba suke yi ba, sana'arsu ce kuma sun iya ta. Amma ki lura da inda aka kama shi. Mutumin da ya bar gida yana yaro, mahaifinsa ya rasu, aka ce za a sassaƙa sunan tsohon a bangon wurin da ya fi ƙauna a ƙasar, ai ba lissafi ya yi ba lokacin da ya ɗauki biro. In kika je masa da maganar cewa ƙwallo shirme ne, abin da zai ji shi ne kin raina mahaifinsa, kuma daga nan ba zai ƙara sauraren ki ba.

Laifinsa daban ne, kuma babba ne. Ya ɗauki abin da kuka tara tare ya yi alkawari da shi a bayan idonki, har ya bari aka sa sunanki. Kuɗin kitsonki naki ne, addini bai ba shi ikon taɓa ko sisi a ciki ba sai da yardarki. A kan wannan za ki tsaya, kuma shi kaɗai za ki riƙe. Kada ki haɗa da Asabar ɗin da yake ɓacewa, kada ki tono na shekarun baya.

Ki zaɓi lokaci. Ban da ranar wasa, ban da daren da aka ci su. Bayan yara sun kwanta, ki ce masa kin fahimci abin da ya sa ya yi, amma kina son ganin takardar da ya sa wa hannu. Ku karanta ta tare, layi layi. Irin wannan takarda kala biyu ce. Wata bayyana niyya ce kawai, wata kuma an rubuta ta a matsayin yarjejeniya, kuma a wasu jihohi kotu tana iya tilasta biya in makaranta ta nuna ta dogara da alkawarin ta fara aiki. Ba kasafai makaranta ke kai tsohon ɗalibinta ƙara a kan irin wannan adadi ba, domin sunanta zai ɓaci a wurin sauran masu bayarwa. Abin da aka saba shi ne mai alkawari ya je ya ce halinsa ya canza, a rage kuɗin ko a tsawaita lokacin biya. Ofishin ya saba jin haka, ba a kansa aka fara ba. Ku je tare, amma shi zai yi magana.

In kun je akwai abin da za ku tambaya, kuma ku nemi amsa a rubuce. In ba a tara abin da ake nema ba, ko aka fasa aikin, ina kuɗinku za su tafi? Wasu takardun suna ba makaranta damar karkatar da gudummawa zuwa wani aikin. Nawa ne mafi ƙarancin abin da ake bayarwa a rubuta suna? Yawanci akwai matakai, daga allon ƙarfe a ƙofar shiga har zuwa bulo ɗaya a hanyar wucewa, kuma sunan marigayi zai fito a kowanne. Sannan ki sanar da maigidan abin da mai zane bai faɗa masa ba, cewa ciyawar roba shekara takwas zuwa goma take yi a sake ta. Kafin babban ɗanku ya gama sakandare wata wasiƙar za ta iso, kuma wanda ya bayar da yawa a karon farko shi ake fara nema a na biyu.

Zancen haraji kuwa kada ya ruɗe ki. Gudummawa tana rage adadin kuɗin da ake lissafa wa mutum haraji a kai ne, gwamnati ba ta mayar masa da abin da ya bayar. Kuma tun 2018, in gudummawa ce da ke ba mutum damar sayen kujera a filin wasan kwaleji, ba a rage komai a kanta. Ku kai takardar wurin wanda ke cika muku takardun haraji ya faɗa muku gaskiyar lissafin.

Ra'ayina shi ne ya cika wani abu daga alkawarin, domin alkawari kaya ne, amma daga albashinsa, daidai abin da ba zai taɓa cefane da kuɗin gini ba. Ke kuma ki ware kuɗin kitsonki a asusu mai sunanki tun daga wannan wata. Na san za ki so ki ce masa rijiya a Zariya ta fi bango a Ilinoi amfani ga mamaci. Gaskiya ne, amma kada ki jefa masa ita a tsakiyar faɗa. Ki ajiye ta sai an shirya, ki kawo ta a matsayin abin da za ku yi tare.

Wata Asabar kuma ki shirya yara ku bi shi. Ki haɗa yajin tsire mai kyau, ki ga mutanen da yake zama da su a wurin ajiye motoci kafin a fara wasa. Baƙo a ƙaramin garin Amurka ba ya samun majalisa da sauƙi, mai yiwuwa wannan ce tasa. In bayan duk wannan ya ƙi nuna miki takardar, ko kika ga ana cirar kuɗi daga asusun gini, to lokacin kiran yayansa ya yi.

* * *

Salamu alaikum Hajiya. Ni direban tasi ne a Bronx ta Niyok, asalina zangon Kumasi. Ɗana na fari shekararsa 17, Allah Ya ba shi jiki, yana buga ƙwallon nan a sakandare. Wani koci daga wata ƙaramar kwaleji ya dame mu da waya, har ya gayyace mu muka je. Ya zagaya da mu, ya nuna mana filin da ake gyarawa, da ɗakin sa kaya mai sunan kowane ɗan wasa a kan akwatinsa. Yaron ya dawo ba ya zancen komai sai wurin. Kuɗin makarantar dala 58,000 ne a shekara, sun ce za su rage mana 30,000, sauran mu ci bashi. Uwarsa ta ce in bar shi ya bi sa'arsa, wataƙila ya zama ƙwararre. Ni kuma gabana na faɗuwa. Ina neman shawara.

Uba a Bronx

Alhaji, faɗuwar gaban nan tana da dalili. Ka fara tambayar kocin rukunin da makarantarsu take. In na uku ne, doka ta hana su ba ɗalibi tallafi saboda wasa. Ragin da suka yi maka na sakamakon jarabawa ne ko na ƙarancin hali, kuma irinsa suke yi wa yawancin ɗalibansu, domin kaɗan ne ke biyan kuɗin da aka rubuta a takarda. Alherin da ke cikin wannan doka shi ne ko yaron ya ji rauni ko ya bar wasa, ba za a janye ragin saboda haka ba.

Ka kuma san dalilin da ya sa wayarka ba ta hutawa. Ƙungiyar irin wannan makaranta takan ɗauki yara ɗari ko fiye, alhali goma sha ɗaya ne ke cikin fili a lokaci guda. A makarantar da ɗalibanta dubu ɗaya ne, yara ɗari masu biyan kuɗi ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa makarantu da dama suka buɗe ƙungiyar ƙwallo don su cika azuzuwa. Sabon fili da akwati mai suna an yi su ne don idon yaro ɗan shekara 17, kuma ga shi sun yi aikinsu. Kocin yana iya kasancewa yana son ɗanka da gaske, amma makarantar tana son dala 28,000 ɗinka a kowace shekara, wato 112,000 kafin ya karɓi digiri, ban da ruwan da bashin zai haifa.

Fili mai kyau ba ya nuna lafiyar makaranta. Finlandia da ke Mishigan ta fara ƙwallo a 2015, ta rufe ƙofa a 2023. A 2023 ɗin dai Iowa Wesleyan, wadda aka kafa tun 1842, ita ma ta rufe. Birmingham-Southern ta Alabama ta dawo da ƙwallo a 2007, ta gina masa fili, ta rufe a ƙarshen Mayun 2024. Yaran da ke tsakiyar karatu a waɗannan wurare sai da suka nemi wata makarantar, bashin da suka ci kuma bai rufe tare da ƙofar ba.

Saboda haka ka sake kiran su, amma wannan karon ofishin kuɗi da na ɗaukar ɗalibai za ka nema. Ka tambayi yawan ɗalibansu yanzu da na shekara biyar baya. Ka tambayi da me ake gyaran filin, gudummawa ko bashi. Ka tambayi kocin yara nawa ya ɗauka shekara huɗu da suka wuce, nawa ne a cikinsu suka gama, domin da yawa sukan bar ƙungiya bayan shekarar farko in sun ga benci kawai suke ɗumamawa. Ma'aikatar ilimi ta Amurka tana da shafi a intanet mai suna College Scorecard, inda za ka ga kashi nawa ke kammalawa a kowace makaranta da abin da suke samu bayan sun fita. Ka sa yaron ya buɗe da kansa ya karanta maka, zai fi yarda da abin da idonsa ya gani. Kada ka mance da tambayar wanda zai biya asibiti in ya karye ko ya bugu a kai, domin wasan nan ba ya rabuwa da rauni.

Maganar uwarsa ta zama ƙwararre, ka amsa mata da taushi. Yana faruwa. Ali Marpet daga ƙaramar kwalejin Hobart ya fito, ƙungiyar Tampa Bay ta ɗauke shi a 2015, har ya ci babban kofin ƙwararru da ita. Amma ana ambaton sunansa ne saboda irinsa ba su da yawa, kuma ba a cin bashin dala dubu ɗari a kan irin wannan fata.

Ban ce ka hana shi wasa ba. John Gagliardi ya shekara 60 yana koyar da ƙwallo a Saint John's ta Minesota, ya yi ritaya a 2012 da nasara 489, adadin da babu kocin kwaleji da ya kai, kuma yaransa ɗalibai ne da ke shiga aji kamar kowa. Irin wannan wasa yana gyara yaro. Sai dai ana samun sa a wurin da ya fi araha. Jami'o'in jiharku na SUNY, irin su Cortland da Brockport, suna buga wannan rukuni, kuma kuɗinsu ga ɗan jiha bai kama ƙafar wanda aka yanka maka ba. Ku cika takardar neman tallafi ta FAFSA, ya nemi makarantu uku ko huɗu, ku jera takardun tayinsu a kan tabarma ku dubi abin da zai fita daga aljihu. Sharaɗin da za ka gindaya masa ɗaya ne: ya zaɓi makarantar da zai yarda ya zauna a cikinta ko da gwiwarsa ta lalace a makon farko.

* * *

Anti ina wuni. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Minesota, 'yar Maraɗi, ban yi aure ba tukuna. Kwalejin da na gama tana sayar da bulo a hanyar shiga sabon filinta, dala 200, a rubuta sunan mutum a kai. A filin nan na yi ƙawayena na farko a ƙasar nan, ina sayar da tikiti ranar Asabar. Ina son in saya, amma ƙawata ta ce almubazzaranci ne. Ba ni da bashi, kuma duk wata ina aika wa iyayena.

Ɗiyarki a Minesota

'Yata, kuɗinki ne, guminki ne, kin sauke haƙƙin iyaye, ba ki ɓoye wa kowa ba. Ki sayi bulonki. Ki dai rubuta musu sunanki da manyan baƙaƙe, ki ce su turo miki ki duba kafin su sassaƙa, don in suka ɓata shi ba gyarawa za su yi ba.